Fuskar da Ke Cikin Tsohon Gilashi

Abin ya fara ne wata yamma da ba ta da bambanci da sauran. Rana ta yi ja, inuwar katanga ta cinye rabin tsakar gida, kaji sun fara neman makwanci. Baragi na zaune bisa tabarma tana ninke yadin da ta dawo da shi daga kasuwa. Ba sunanta ba ne Baragi, 'yan layin masu yadi ne suka laƙaba mata, wato "ba ragi", don tun da ta kafa rumfa ba wanda ya taɓa jin ta ce "na sallama" sai mai saye ya hau ya same ta inda ta tsaya. Sunan kuma ba ya ɓata mata rai. In an kira ta da shi, ɗaurin ɗankwalinta ma take gyarawa.

Shekara huɗu ke nan da rasuwar mijinta, Mai Hoto. Ya bar mata gida, da shagon hoto a bakin ƙofa, da 'ya'ya uku. Biyu sun yi aure sun yi nisa, sai Auta, ita ce ta gaji shagon. Ya kuma bar wani akwatin ƙarfe, cikinsa tsofaffin gilasan kyamara guda biyar, masu nauyi kamar dutsen guga, kowanne a cuse cikin tsohuwar safa. Wani dillalin kayan hoto ya yi sawu uku a kansu. A na ukun Baragi ta ce da shi in kallo ya zo, ya kalla daga bakin ƙofa, kallon ma alfarma ce.

Abu ɗaya ne bai bari ba: hoton kansa. Shekara talatin yana ɗaukar mutane, amare da jarirai da masu neman fasfo, shi ba ya yarda a ɗauke shi. In ta yi magana sai ya yi dariya ya ce, "To in na koma gaba, wa zai tsaya a baya?" Ɗan wanda ke jikin katin shaidarsa ma, ruwa ya cinye shi tun yana da rai.

Kyamarar Auta sabuwa ce, irin mai wayon nan. Kana ɗaga ta, wani ɗan koren akwati zai yi tsalle ya kama fuskar mutum, gilashin ya yi ƙit ya saita kansa, ba ruwansa da hannunka. Auta ta sha cewa hoton na fita tar, amma ba shi da laushi irin na Baba. Shi ya sa ta sa aka kawo mata wani zoben ƙarfe, wanda ake ɗaura tsohon gilashi da shi a jikin sabuwar kyamara. A ranar nan zoben ya iso.

Ta fito da akwatin tsakar gida, ta zaro wanda Baba ya fi so, mai lamba hamsin, wanda fentin wuyansa ya goge daidai inda yatsu biyu ke kamawa. Ta ɗaura. Kyamarar ta rubuta wai ita ba ta ga gilashi ba.

"Inna, kin ji rashin kunya? Wai ba ta san shi ba."

"Ina za ta san shi? Ya girmi wanda ya ƙera ta. Ke dai yi maza, magariba ta gabato. Ubanki ba ya barin gilashi a buɗe in an kira salla."

Auta ta latsa nan, ta latsa can, har ta lallashi kyamarar ta yarda. Amma saiti kam babu. Tsohon gilashi ba shi da waya, ba shi da inji. Sai dai mutum ya kafa ido, ya riƙa murza wuyan da hannu a hankali har dishi-dishi ya washe. Ta nemi abin gwaji, ta juya kan kujerar katakon Baba da ke gindin katanga, wadda ba wanda ya ƙara zama a kai. Ta murza. Ta ƙara murzawa. Sai hannunta ya tsaya cak, har uwar ta ɗago kai.

"Inna. Zo."

Ta janye idonta, ta nuna mata ɗan allon bayan kyamarar. Komai a dushe yake, kamar ana kallo ta cikin ruwa. Amma bisa kujerar akwai mutum. Ba fuska, ba ido, inuwa ce kawai. Sai dai hular a karkace take ta hagu, kuma ƙafa ɗaya na bisa ɗaya. Baragi ta kalli kujerar da idonta: wayam. Auta ta ƙara murzawa kaɗan, kujerar ta fito raɗau har ƙusoshinta, ba kowa. Ta dawo baya, ga shi zaune. Ta danna, hoton ya fito kujera ce zalla.

Ladan ya ɗaga murya. Kafin ya kai ƙarshe, dutsen farko ya faɗo bisa kwanon ɗaki.

A nan ya kamata a rufe akwatin nan a nemi malam. Duk wanda aka ba labarin haka yake cewa, kuma gaskiya ne. Amma masu faɗar haka ba su san abin da Baragi ta ɓoye ba, wanda ko 'yarta ba ta gaya wa ba: fuskar mijinta ta fara kuɓuce mata. Tana tuna hannunsa, da farcensa da ruwan wankin hoto ya rina. Tana tuna tarinsa na safe, da yadda yake jan takalmi. Amma in ta rufe ido ta nemi fuskar, sai ta narke. Mace ta zauna da mutum shekara talatin da biyu, ta wanke masa, ta haifa masa, a ce fuskarsa ta ɓace mata kamar ta wani mai sayen yadi? Wannan kunya ce da ba ta iya furtawa.

Don haka washegari, da inuwa ta kai ƙafar kujera, ita ce da bakinta ta ce, "Ɗauko. Sake gwadawa."

Suka sake. Kullum tsakanin jan rana da kiran salla, Auta za ta kafa idonta na dama tana murzawa, in ta samu wurin sai ta janye, uwar ta leƙa allon na ɗan numfashi biyu. Kuma kullum sai an ƙara wani abu. Yau kunne. Gobe layin gemu har da furfurar gefe. Jibi aljihun riga da biro a maƙale. Jifan ma kullum ƙaruwa yake. Duwatsun ƙanana ne, ba su taɓa samun kowa ba, amma in ka ɗauka za ka ji su da ɗumi, suna warin ruwan wankin hoto. Maƙwabta suka yi ta zargin 'ya'yan juna. Baragi ta share duwatsun ta zuba a bokiti.

A kwana na biyar suka ji muryar. Daga tsohon ɗakin wankin hoto ta fito, wanda ke kulle tun ranar jana'iza, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa.

"Tsaya haka. Ɗago haɓa kaɗan. Kar ki motsa."

Auta ta ƙanƙame uwarta. "Inna, muryar Baba ce."

"Ubanki na kabarinsa, Allah ya jiƙansa. Kunnenki ne."

Haka ta faɗa. Amma ba ta ce a daina ba.

Sai Auta ta fara zuba shayi a gefen kofi. Ta yi tuntuɓe da dokin ƙofar da ta shekara ashirin tana tsallakewa. Wani tela ya dawo da hoton fasfonsa yana faɗa, wai an mai da shi hayaƙi. Uwar ta ce gajiya ce, ta sayo mata maganin ɗigawa. A kwana na tara, rana na ja, Auta na tsaye da kyamara a fuska, sai ta sulale ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafafu, ta ɗora ɗaya bisa ɗaya. Idonta na dama a buɗe, ba ya ƙiftawa, baƙin ya yi fari-fari kamar an ɗiga masa madara. Yatsunta biyu na hagu na ta murza abin da babu. Uwar ta kira ta, ta girgiza ta, ta yayyafa mata ruwa. Abin da ya fito daga bakin yarinyar ba muryarta ba ce.

"Tsaya haka. Kar ki motsa."

Washegari Baragi ba ta fita kasuwa ba, karo na farko tun da ta gama takaba. Ta tafi wurin wani tsohon malami mai ruƙiyya da ke bayan masallaci, mai tabarau mai kauri da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Ya san Mai Hoto. Ya saurare ta har ta gama, kansa a sunkuye.

"Kwana nawa?"

"Tara."

"Tara! Kina ina?"

"Ina nan."

"Wa ya ce a ci gaba da leƙen?"

"Ni."

Malam ya zo bayan la'asar, ya ce ba zai fara ba sai lokacin da baƙon ya saba zuwa. Aka zaunar da Auta bisa tabarma, aka ajiye kyamarar da tsohon gilashin a jikinta tsakaninsu. Inuwa ta yi ta rarrafe har ta taɓa ƙafar kujera, sannan ya gyara zama ya fara karatu. Duwatsu suka zubo bisa kwano kamar ƙanƙara. Bai ɗaga kai ba, bai ɗaga murya ba. Can suka tsaya cak, gidan ya yi tsit, har kana jin numfashin yarinyar.

"Da sunan wanda ya halicce mu ya halicce ku, wane ne kai?"

"Mazaunin gilashi." Muryar yanzu ba ta Mai Hoto ba ce. Tsohuwa ce, a gajiye, kamar daga cikin tulu.

"Me ya kai ka kayan mutane?"

"Na riga mutane. Tun yana narke a wuta na shiga, kafin a yi masa wuya. Wuri ne mai tsabta, mai shiru, haske na ratsawa. Ban taɓa cutar kowa ba."

"Ga shi kana cuta."

"Nema nake." Kan Auta ya ɗan karkata. "Shekara talatin, kullum da safe mutumin nan zai buɗe mini ƙofa, ya kawo fuskarsa kusa, ya hura mini numfashi, ya goge da gefen rigarsa. Wuni guda yana juya ɗakina a hankali, bai taɓa fizga ba. In an kira magariba ya rufe ni. Rana ɗaya aka rufe, ba a ƙara buɗewa ba. Na yi ta jira cikin safa. Sai ran nan na ji hannu irin nasa, murza irin tasa. Na ce ya dawo. Na leƙo, ba shi ba ne. Shi ne nake haɗa fuskarsa ina nuna musu, ko wani zai ce ga inda yake. Na yi jifa, na yi magana irin tasa, ba wanda ya ba ni amsa. Malam, ina ya tafi?"

Malam ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Ya rasu. Shekara huɗu ke nan."

Ba ihu, ba buge-buge. Hawaye ne kawai ya gangaro daga idon daman nan mai fari, shi kaɗai, ya bi kunci ya ɗiga a tabarma. Baragi, wadda ko ranar jana'iza ba wanda ya ga hawayenta, ta juya fuska ga katanga.

"Ba wanda ya gaya mini," in ji muryar.

"Yanzu an gaya maka. Ka yi haƙuri, duk can za mu, mu da ku. Da me kake haɗa fuskar?"

"Da hasken idonta. Ba ni da wani."

"To 'yarsa ce ka kama. Ka mayar mata da abin da ya rage, ka fita."

Sannan kan yarinyar ya juya a hankali, ya bar malam, ya tsaya a kan uwar.

"Ke. Ke ce kike cewa a sake gwadawa. Ina jin ki. Ke ma ta ɓace miki, ko?"

Baragi ta juyo daga katanga.

"Ido biyu da baki suka rage. Magariba uku. Ki bar mini idon nan na dama in ƙarasa. Wannan karon za ta zauna cikin kyamara, ki sa a wanke, ki rataya a bango. Ai tana da na hagu."

"Kar ki kula shi," in ji malam. "Ba mijinki ba ne, zane ne."

Amma an ajiye kaya a gabanta an faɗi farashi, kuma bakinta ya riga hankalinta.

"Ɗauki nawa idon."

"Naki hayaƙin murhu da ƙurar kasuwa sun cinye. Ko gira ba zai kai ba."

"Duka biyun."

"Ko huɗu ne."

"To magariba ɗaya. Yi idanun kawai, bar bakin. Na san bakin."

"Ba ki sani ba."

"Baiwar Allah!" malam ya daka mata tsawa. "Me kike tayawa? Nan rumfar yadi ce?"

"Magariba biyu," in ji muryar, a tausashe. "Na rage miki."

An rage mata. Ta san in ta ja kaɗan zai ƙara saukowa, ta ji haka a muryarsa, don ba wanda ya fi ta sanin muryar mai shirin sakin kaya. Ta buɗe baki. Sai hannun Auta ya fara lalube a tabarma, kuma wata siririyar murya ta fito, tata ta kanta.

"Inna? Inna, kina nan? Wuta aka ɗauke? Ba na ganin ki."

Rana ba ta gama faɗuwa ba. Da sauran haske a tsakar gidan, har zanen tabarma ana gani.

Baragi ta rarrafa ta kama hannun 'yarta ta manna a fuskarta. Da ta yi magana, ba ta ɗago ba.

"Na sallama. Riƙe fuskar. Ba ni 'yata."

"Da gilashin zan tafi. Ɗakina ne."

"Tafi da shi."

Abin da dillali ya yi sawu uku bai samu ba, ta bayar da shi da kalma uku. Malam ya fara karɓar rantsuwa cewa ba zai dawo ba, ba ga yarinyar ba, ba ga gidan ba. Yana cikin yi Baragi ta share ido da gefen mayafi ta ɗago.

"Tsaya. Ba a tashi daga ciniki ba gyara."

Malam ya girgiza kai. Ita ko ba ta kalle shi ba.

"Ba da idonta ba. Da baki. Faɗa mini abu ɗaya a fuskar nan."

Muryar ta yi nisa, kamar mai haɗa kaya. "In yana murzawa yakan cije leɓensa na ƙasa ta gefe, girarsa ɗaya ta tashi, kamar mai sauraren kira daga nesa. Ba ya sakin numfashi sai ya samu saiti."

Malam ya ci gaba da karatu. Suna kallo, wuyan gilashin ya fara juyawa da kansa, ba hannun kowa, a hankali, ba fizga. Ya wuce lambobin kusa ɗaya bayan ɗaya, har ya kai alamar ƙarshe, wadda ake saita wa tsaunuka da sararin sama. Nan ya tsaya. Gilashin ya yi fari fat. Auta ta yi atishawa, ta faɗa jikin uwarta tana kuka da muryarta, ladan kuma ya kira salla. Dutse bai faɗo ba.

Malam ya kwance gilashin ya mayar cikin safarsa ya sa aljihu. Ya yi karatu bisa sauran huɗun, ya ce ba kowa a ciki. A bakin ƙofa ya waiwayo. "Abin da ya faɗa miki, kar ki ɗora zuciya a kai. Ba duk maganarsu ce gaskiya ba."

Idon hagu ya dawo garau. Na dama rabi ya dawo. Likita ya duba, ya rubuta tabarau, ya ce iyakar abin da zai iya ke nan. Hasken kwana tara ya tafi, kuma Auta ba ta taɓa cewa "ke ce" ba, ko sau ɗaya. Da ta faɗa ma da ya fi sauƙi. Ta koma kan sabon gilashinta mai saita kansa. Baragi takan tsaya a ƙofar shago ta saci kallonta tana aiki, amma abin nan ƙit yake yi ya gama, kafin fuska ta yi wani motsi an riga an danna. Ba ta ga cizon leɓen ba, ba ta ga girar ba.

Wata safiya da hantsi ta yi wanka, ta ɗaura zanenta mafi kyau, ta ɗauko ɗaya daga cikin huɗun da zoben ƙarfen, ta ajiye bisa kantar shago.

"Ɗauke ni."

Auta ta kalli safar, ta kalli uwarta. "Inna, bayan abin da..."

"Malam ya ce ba kowa. Kuma ga rana."

"Da wannan sai na daɗe fa. Ban saba da idon hagu ba."

"Daɗe mana. Ina za ni?"

Ta zauna bisa kujerar masu ɗaukar hoto, gaban labule, ta ɗora hannu bisa gwiwa. Auta ta yi bismilla, ta hura wa gilashin numfashi, ta goge da gefen mayafi, ta ɗaura. Ta ɗaga kyamarar, rabin fuskarta ya ɓuya a baya. Yatsu biyu suka kama wuyan suka fara murzawa. Ta wuce, ta dawo, ta ƙara wucewa. Sai leɓen ƙasa ya shige tsakanin haƙora ta gefe. Gira ɗaya ta tashi. Numfashi ya tsaya.

"Inna, kina motsi. Ɗago haɓa kaɗan. Haba Inna, hawayen nan zai ɓata hoton."

"Ke dai murza," in ji Baragi. "Kar ki yi sauri."